Obodritawa: Daga Ina Suka Fito, Ina Suka Shige?

Duk wanda ya taɓa karatun tarihin Afirka ta Yamma ya ci karo da sunan al-Bakri, malamin nan na Andalus da ya kammala littafinsa Kitab al-Masalik wa al-Mamalik wajen shekarar 1068. A wurinsa muke jin labarin fadar sarkin Gana ta dā da cinikin zinariya da gishiri. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, cikin wannan littafin akwai wasu shafuka da suka juya fuska can arewa, zuwa ƙasar sanyi da fadama, inda wasu mutane suke zaune da Larabawa ke kira Saƙaliba. Su ne Silabawa, tushen da Rashawa da mutanen Poland da Cek da Sabiya da Bulgeriya suka fito daga gare shi. Al-Bakri ya kwaso labarin ne daga wani matafiyi Bayahude ɗan garin Tortosa, Ibrahim ibn Yaƙub, wanda ya ratsa tsakiyar Turai wajen 965. Ibrahim ya lissafa sarakunan Saƙaliba guda huɗu, kuma na can ƙarshen yamma sunansa Nakon.

Mutanen Nakon su ne Obodritawa. Ƙasarsu tana arewacin Jamus ta yau, tsakanin kogin Elbe da gaɓar Tekun Baltik, wato yankin Mecklenburg da gabashin Holstein. Wanda ya je can yau Jamusanci zai ji ko'ina, kuma ba wanda zai gabatar da kansa da sunan wannan ƙabila. Amma sun riƙe wannan ƙasa kusan shekara ɗari huɗu cikin rubutaccen tarihi, sun yi ƙawance da manyan sarakunan Turai, sun gwabza da su. Tambaya biyu ce ta dame ni a kansu: daga ina suka fito, kuma yaya al'umma mai birane da mayaƙa da fatake za ta narke har a rasa mai amsa sunanta?

Bari in fara da abin da Ibrahim ya bayar, don shi ne ya fi kusantar da mu ga ganinsu da ido. Ya ce ƙasar Nakon tana da arha, dawakai sun yi yawa har ana fitar da su waje, mutanen kuma suna da sulke da kwalkwali da takubba. Ya bayyana yadda suke gina birni. Sukan nemi fadama mai ruwa da ciyayi, su shata fili zagayayye ko mai kusurwa huɗu gwargwadon girman da suke so, su haƙa gwalalo kewaye, ƙasar da aka haƙo a tara ta zama ganuwa, ana danne ta da katako da turaku har ta kai tsayin da ake bukata. Sai a bar ƙofa ta gefen da aka zaɓa, a ɗora gadar katako a kan ruwan. Bahaushen da ya san ganuwa da gwalalo zai gane dabarar nan take, sai dai su itace ne jigon gininsu, ruwa da taɓo kuma su ne garkuwarsu. Masu tonon ƙasa sun tabbatar da maganarsa. A Gross Raden, kusa da garin Sternberg, an tono irin wannan birni a bakin tafki a shekarun 1970, aka kuma sake gina shi da ganuwarsa da gadarsa da ɗakin bautarsa don masu ziyara su gani. Babban birnin Nakon kuwa Jamusawa suka kira shi Mecklenburg, ma'ana babban birni, kuma sunan ya bayyana a wata takardar sarki Otto na Uku a 995. Yau yana cikin sunan wata jiha ta Jamus.

To daga ina suka zo? Nan ne ƙura ta fi tashi. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, kafin su iso, ƙabilun Jamusawa ne ke zaune a wannan gaɓa, kuma yawancinsu sun kwashe sun yi kudu da yamma a zamanin da daular Rum take rugujewa. Ƙasa ta rage mutane ƙwarai, daji ya rufe gonaki. Silabawa suka shigo daga gabas, a hankali, gida-gida. An daɗe ana cewa a ƙarni na 6 suka iso, amma da masana suka koma ƙirga zoben da ke cikin kututturen itacen da aka yi gini da shi, wanda kowane zobe shekara guda ce, sai lissafin ya matso zuwa ƙarshen ƙarni na 7 da ƙarni na 8. Tsingaron tukwanensu na farko, wanda ake kira da sunan ƙauyen Sukow, ginin hannu ne marar ado. Na baya, na Feldberg, ya fi kyau da zane, kuma ya zo daidai da lokacin da manyan ganuwoyi suka fara tashi.

Sunan kansa ma ba a daidaita a kansa ba. Wasu masana harshe suna fassara shi da mazauna gefen kogin Oder, wanda zai nuna daga can suka gangaro. Wasu suna danganta shi da wata kalmar Silabanci mai nufin yagewa ko kwashe ganima. Wasu kuma na ganin sunan wani kaka ne, jama'arsa suka gada. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne, marubutan fadar Farankawa sun ambaci wasu masu irin wannan suna a bakin kogin Danube, maƙwabtan Bulgar, waɗanda suka aiko da jakadu a 822 da 824. Ko reshe ɗaya ne ya rabu biyu, ko kuwa suna ne ya zo ɗaya, masana sun kasu. Ni dai na fi karkata ga ra'ayin da ke cewa ba wata ƙabila ce shiryayya ta taso daga wani wuri da sunanta da sarkinta ba. A nan bakin Baltik aka ƙera ta, daga tarin baƙi da kuma ragowar waɗanda suka tarar. Dalilina shi ne yadda muka same su a tarihi: tarayya ce ta rassa huɗu. Akwai ainihin Obodritawa tsakanin Wismar da tafkin Schwerin, da Wagriyawa masu birnin Starigard, wanda Jamusawa suka fassara Oldenburg, wato tsohon birni, da Polabawa na wajen Ratzeburg, da mutanen kogin Warnow. Wani marubucin ƙarni na 9 da ake kira Masanin Ƙasa na Bavariya ya ƙirga musu birane 53. Kowane birni da ubangidansa, babban sarki kuma sai ya yi ta lallashi kafin a bi shi. Wannan sako-sakon ɗinki shi ya yi ta kwancewa a duk tsawon tarihinsu.

Sun fara bayyana a rubuce a 789, suna gefen Sharlaman, sarkin Farankawa, a yaƙinsa da Wilzawa, wata ƙabilar Silabawa da ke gabas da su. A lura da wannan da kyau, domin littattafan baya sun so su mayar da labarin rikicin Jamusawa da Silabawa zalla, ko na Kirista da masu addinin gargajiya. Sarkin Kirista mafi girma a Turai ne ya ɗauki marasa baftisma abokan yaƙi, suka taya shi murƙushe Saksonawa, waɗanda Jamusawa ne. Saksonawa suka kashe sarkinsu Witzan a bakin Elbe a 795. Magajinsa Drasko ya rama a 798, ya fatattake su a fagen Bornhöved. A 804 Sharlaman ya kwashe Saksonawan da ke hayin Elbe, ya miƙa ƙasarsu ga Obodritawa.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙawancen nan ya jawo musu fushin Godfred, sarkin Danmak. A 808 ya auka musu, ya rushe Rerik, kasuwarsu ta bakin teku, ya tattara fataken da ke cikinta ya mayar da su garinsa na Hedeby. Ba a jima ba aka kashe Drasko. Masu tonon ƙasa suna ganin Rerik ita ce kufan da aka gano a Gross Strömkendorf kusa da Wismar. Irin waɗannan kasuwanni su suka haɗa gaɓar Baltik da duniyar Musulunci, don an sha tono dirhamomin azurfa masu rubutun Larabci a wannan yanki, da yawansu bugun daular Samaniyawa ta Asiya ta Tsakiya. Ba ƙirga su ake yi ba, aunawa ake a ƙaramin ma'auni, in ciniki bai kai dirhami ba a datse shi. Cikin kayan da ake sayarwa akwai fatu da zuma da kakin zuma, akwai kuma mutane. Wannan ciniki shi ya cika fadar Kurɗuba da bayin da ake kira Saƙaliba, shi ne kuma ya sa kalmar bawa a harsunan Turai da dama ta samo asali daga sunan Silabawa. Obodritawa ba su tsira daga wannan ba ta kowace fuska: an kama nasu, su ma sun kama na wasu.

Da Saksonawa suka musanya matsayi, suka zama su ne sarakunan Jamus a ƙarni na 10, tsoffin abokan Sharlaman suka wayi gari gaba kura baya sayaki. A 955 Otto na Ɗaya ya ci su a bakin kogin Raxa, aka kashe Stoignew ɗan'uwan Nakon. Aka ɗora musu gandu, aka kafa kujerar bishof a Oldenburg. Gidan sarauta ya karɓi Kiristanci, ya fara ƙulla auratayya da maƙwabta. A Sønder Vissing ta ƙasar Danmak akwai wani dutse da Tofa 'yar sarki Mistivoj ta sa aka kafa don tunawa da mahaifiyarta, kuma rubutun da ke jikinsa ya nuna ita matar Harald ce, sarkin nan da aka ɗauki laƙabinsa aka raɗa wa Bluetooth da ke cikin wayoyinmu. Duk da haka, a babban boren Silabawa na 983, Thietmar bishof na Merseburg ya ba da labarin cewa Mistivoj ɗin nan ne ya ƙone Hamburg.

Daga nan ne tsagar ta fito fili. Sarki yana bukatar coci, domin coci na zuwa da marubuta da tsarin tara kuɗi da mutunci a idon sarakunan waje. Masu birane da talakawa kuma duk lokacin da suka ga limamin coci sai su hango mai karɓar harajin Saksonawa biye da shi. Ba wanda wannan tsaga ta cinye kamar Gottschalk, wanda ma'anar sunansa bawan Allah. A gidan 'yan zuhudu na Lüneburg ya yi karatu. Da wani Basaksone ya kashe mahaifinsa, ya fito ya ɗauki fansa da wuta, daga baya ya yi hijira ya shiga hidimar Knut, sarkin Danmak da Ingila. A 1043 ya dawo ya karɓi sarautar gidansu, ya giggina majami'u. Marubucin tarihi Adam na Bremen ya ce yakan miƙe a cikin coci ya fassara wa mutanensa wa'azin da harshensu, don limaman baƙi ne. Wannan hoto yana taɓa ni ƙwarai: sarki guda ya zama tafinta tsakanin jama'arsa da addinin da yake so su karɓa. Da an bi wannan hanya, da wataƙila an sami Kiristanci mai magana da Silabanci a bakin Baltik, yadda aka samu a Poland da Cek, da harshen ya sami rubutu ya rayu. A ranar 7 ga Yuni 1066 aka kashe shi a Lenzen. Aka kama tsohon bishof Yohana na Mecklenburg, aka kai shi Retra, cibiyar tsafin Lutisawa, magadan Wilzawa, aka fille kansa. Kruto, mai riƙe da addinin kaka da kakanni, ya mulki ƙasar har wajen 1093, kafin Henri ɗan Gottschalk ya ƙwato ta da taimakon Saksonawa da Danmak, ya zauna a Liubice, tsohuwar Lübeck, har rasuwarsa a 1127.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma Obodritawa ba su bar mana ko shafi guda da hannunsu ba. Duk abin da muka sani daga alƙalamin maƙwabta ne, yawanci limaman coci. Abin sha'awa shi ne, su kansu limaman sun faɗi gaskiyar da ba ta yi wa mutanensu daɗi ba. Adam ya ɗora laifin jinkirin Kiristanci kan haɗamar shugabannin Saksonawa. Helmold, limamin ƙauyen Bosau da ya rubuta tarihin Silabawa wajen 1170, ya zauna a cikinsu, ya yabi karɓar baƙinsu da yadda suke kula da tsofaffi da marasa lafiya har ba a ganin mabaraci.

Helmold ya bar mana wani labari da ya gani da idonsa. A farkon 1156, cikin tsananin sanyi, ya raka bishof Gerold zuwa Oldenburg. Wani basaraken Wagriyawa mai suna Pribislav ya sauke su, ya cika musu tebur da abinci kala ashirin. Da suka ci gaba da tafiya suka iske kurmin Prove, abin bautar yankin: tsofaffin itatuwa a tsakiyar fili, an kewaye su da shingen katako mai ƙofa biyu. Nan sarki da malamin tsafi da jama'a suke taruwa yin shari'a, kuma wanda ake nema a kashe in ya shige ciki ba a taɓa shi. Bishof ya diro daga doki, suka farfasa ƙofofin, suka tara katakon a gindin itatuwan suka cinna wuta, suna waige-waige don tsoron kada mutanen gari su far musu. Bayan 'yan kwanaki, a kasuwar Lübeck, bishof ya yi wa taro wa'azi su karɓi baftisma. Pribislav ya amsa a madadin jama'a. Ya ce haraji da bauta sun kai su inda mutuwa ta fi musu rai, ya lissafa dubun kuɗin azurfar da suka biya sarkin Saksoni a shekarar da ɗaruruwan da suka biya hakimi, ya tambaya da me za su gina coci alhali kullum shirin gudu suke. Ya ƙara da cewa in za a ba su haƙƙin da Saksonawa ke da shi kan gona da haraji, za su shiga addinin da yardar ransu. A ganina wannan amsa ta fi duk wani sharhi bayyana abin da ake faɗa a kansa.

A lokacin ƙasa ta riga ta fara zamewa daga hannunsu. A 1143 hakimi Adolf na Biyu na Holstein ya kafa sabuwar Lübeck, ya aika Flanders da Holand da Frisiya da Westfaliya yana kiran duk mai ƙarancin gona ya taho da iyalinsa. A 1147, lokacin yaƙin Salibiyya na biyu, manyan Saksonawa suka nemi a yarje musu su yi nasu yaƙin a ƙofar gida maimakon tafiya Sham, babban malamin coci Bernard na Clairvaux kuma ya goya musu baya. Sarkin Obodritawa na lokacin, Niklot, bai jira ba. Ya riga su kai hari Lübeck ta ruwa, sannan ya shige Dobin, birnin da ya ƙarfafa a bakin tafkin Schwerin. Aka kewaye shi, amma kewayen bai yi armashi ba, don Helmold ya nuna mayaƙan Saksonawa da kansu sun fara tambayar junansu amfanin lalata ƙasar da suke cin harajinta. Aka rabu kan baftisma ta fatar baki.

Yaƙin da ya ci Niklot ya zo a 1160. Henri mai laƙabin Zaki, sarkin Saksoni, ya shigo ta tudu, Valdemar na Danmak ya zo ta teku. Niklot ya cinna wa biranensa wuta da hannunsa, Ilow da Mecklenburg da Schwerin da Dobin, don kada su zama mafakar maƙiyi, ya ja da baya zuwa Werle. A kusa da nan ya faɗa kwanton ɓauna. Mayaƙa sun ɓoye sulke a ƙarƙashin tufafin masu yankan ciyawar dawakai, ya auka cikinsu, aka sare shi. Ɗansa Wartislav aka rataye shi a 1164.

Ɗaya ɗan, wanda shi ma sunansa Pribislav, ya ci gaba da yaƙi har Henri ya ga gara sulhu, don maƙiya sun yi masa yawa a gida. A 1167 ya mayar masa da yawancin ƙasar ubansa, ban da Schwerin, shi kuma ya yi caffa. Ya kafa gidan 'yan zuhudu na Doberan a 1171, ya raka Henri zuwa Ƙudus a 1172, ɗansa Borwin ya auri 'yar Henri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ji masu iya magana, kuma ta fuskar gidan sarauta dabarar ta ci. Zuriyar Niklot ta mulki Mecklenburg har 1918, fiye da shekara ɗari bakwai da hamsin. Sarauniya Charlotte, matar Joji na Uku na Ingila, 'yar wannan gida ce. A fuskar fadar Schwerin akwai mutum-mutumin Niklot bisa doki, wanda jikokinsa masu jin Jamusanci suka kafa a ƙarni na 19.

Amma ban yarda a kira wannan tsira ta al'umma ba. An daɗe ana koyar da cewa an ƙarar da Silabawan ko an kore su, baƙi suka gaji kufai. Yaƙi ya ci rayuka da yawa, wasu sun gudu, an sayar da wasu, sai dai binciken baya ya nuna yawancinsu suna nan a gonakinsu. Abin da ya canza shi ne harshen da ake cin abinci da shi. Coci da Latin take ibada, da Jamusanci take wa'azi. Dokar sababbin garuruwa ta Jamusawa ce, kotu da kasuwa haka, kuma daga baya wasu ƙungiyoyin masu sana'a suka riƙa neman shaidar cewa mai son shiga ba Bawende ba ne, sunan da Jamusawa ke kiran Silabawan yankin da shi. Su kansu sarakuna suka raɗa wa 'ya'yansu Henri da Yohana, suka cika fada da baƙi. Uwa mai son ɗanta ya samu shiga ta san harshen da za ta yi masa magana da shi. Cikin 'yan ƙarnuka magana ta ƙare a Mecklenburg, aka bar sunayen wurare: Rostock, inda kogi ya buɗe, Schwerin, wurin namun daji, da ɗaruruwan ƙauyuka masu ƙarewa da -ow da -itz da -in.

A hayin Elbe ta yamma, a wani lungu mai fadama da har yau ake kira Wendland, danginsu na kusa, Drevanawa, sun riƙe harshen har farkon ƙarni na 18. Wani fasto a Wustrow, Christian Hennig, ya zauna da manoma yana rubuta kalmominsu, kuma duk abin da aka tsirar bai kai kalma dubu uku ba. Wani manomin ƙauyen Süthen, Johann Parum Schultze, ya rubuta nasa littafin wajen 1725. Ya ambaci cewa kakansa ya ji harshen sosai, ƙanana kuwa ba sa son yinsa don ana yi musu dariya, ya kuma yi hasashen cewa in shi da wasu mutum uku a ƙauyen suka kau, da wuya a sami wanda ya san sunan kare a harshen kakanninsu. Ya rasu a 1740. Matar da ake ɗauka ita ce ta ƙarshe da ta iya harshen sosai ta bi bayansa a 1756.